Jinyar Baba a gida

Da aka sallami Baba daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, mun daɗe muna shawara kan yadda za a kula da shi. Yaya ya so a ɗauki ma'aikacin jinya da za a riƙa biya duk wata, ni kuwa na ga ya fi dacewa ya dawo gidana, mu riƙa juya shi a gado duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya. Daga ƙarshe mun haɗa biyun, domin Baba mutum ne mai kunya, bai yarda 'ya'yansa mata su yi masa wanka ba. Yanzu wani matashi ke zuwa da safe ya yi masa wanka da motsa gaɓɓai, da dare kuma ni ke ba shi kunu da cokali, a hankali, saboda yana saurin ƙwarewa.