Farfesan da Bai Ajiye Alli Ba

A jami'o'inmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: da zarar malami ya zama farfesa, ko aka ɗora shi a kujerar shugaban sashe, sai ya sakar wa ƙananan malamai 'yan aji ɗaya, shi ya koma wa masu digiri na biyu da na uku. Malamin da na yi aiki a ƙarƙashinsa a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, bai taɓa bin wannan al'ada ba. Ya shugabanci sashe, ya shugabanci tsangaya, ya zauna a kwamitoci barkatai, amma darasin ƙarfe takwas na safe na sababbin ɗalibai yana hannunsa har ya yi ritaya.

Ya shigo jami'ar yana ɗalibi a zamanin Dakta Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabance ta, daga 1966 zuwa 1975. Jami'ar kanta a 1962 aka buɗe ta, don haka kusan tare suka girma. Yana nan aka yi zanga-zangar ɗalibai ta 1978, yana nan aka yi ta watan Mayun 1986 wadda aka rasa rayuka a cikinta, yana nan gwamnatin soja ta turo Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe jami'ar a 1995. Da dokar 2012 ta mayar da shekarun ritayar farfesa 70, sai muka ƙara samun wasu shekaru tare da shi. Bai cika ba da labarin waɗannan abubuwa ba. Abin da ya fi damunsa kullum shi ne takardar da ke gabansa a kan tebur.

A wurinsa na fahimci hanyar da sakamakon ɗalibi ke bi. Malami ya duba takardun jarabawa ya miƙa maki, jami'in jarabawa ya tattara, sashe ya zauna ya tantance, tsangaya ta sake zama, sannan a kai Sanet, wato majalisar ƙoli ta harkokin karatu a jami'a, ta amince. Sai bayan nan sunan yaro zai shiga jerin masu tafiya hidimar ƙasa. In takarda ta makara a mataki ɗaya, ta rasa zaman Sanet na wannan karon, yaron kuma ya rasa rukuninsa, ya koma gida yana jira. In ma tun lokacin kammalawa ya haura shekara 30, takardar yafewa kawai za a ba shi. Duk wanda ya riƙe ofis ya san wannan a kansa. Malam ya san shi a fuskokin mutane, domin yaran da sunayensu ke cikin fayil ɗin shi ya tarbe su ranar da suka fara shiga aji, da sababbin littattafansu da tsoronsu.

Akwai wani yaro daga wajen Soba da makinsa na darasi guda bai fito ba, ana saura kwana kaɗan tsangaya ta zauna. Mahaifinsa, dattijo manomi, ya biyo shi har ofis, ya cire takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa. Malam ya miƙe ya ɗaga shi, ya ce, "Baba, don Allah hau kujera. Haƙƙin ɗanka ka zo nema, ba alfarma ba." Ya sa masinja ya buɗe sito aka fito da ƙunshin takardun jarabawar, ɗaure da igiya, ƙurar hunturu ta lulluɓe su. Ya naɗe hannun riga muka zauna a ƙasa muna bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar ya zaro wata ya ce, "Wannan hannunsa ne." Ashe yaron ne ya juya lambobi biyu a lambarsa ta ɗalibi. Malam ya gane rubutun ne saboda ya taɓa duba gwajinsa a aji ɗaya. Da a ce ya bar aji tun da aka ba shi kujera, da ba shi da ta inda zai gane.

Wannan hali yana da tsada, kuma na ga ya biya. Sa'o'insa da dama sun fi shi yawan maƙalu da tafiye-tafiyen taro a ƙasashen waje. Shi kuwa dare ne lokacinsa na duba kundin masu digirin digirgir, da jan biro da flas ɗin shayi, kuma ba ya mayar wa ɗalibi babi da "ka gyara" kawai. Sai ya nuna layin, ya rubuta dalili a gefe. Wasu na cewa ya cika shiga ƙananan abubuwa, shugaba ai raba aiki yake yi. Akwai gaskiya a ciki, don wani lokacin mukan jira shi a kan abin da za mu iya yankewa da kanmu. Amma ni dai ban taɓa ganin ɗalibi ya yi asarar shekara saboda takardarsa ta kwana a ofishinsa ba.

Da aka dawo daga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowa na hanzarin a rufe zango. Shi yana cikin masu goyon bayan yajin, domin ya san halin da ɗakunan gwaji da albashin malamai suke ciki. Amma a zaman sashe na farko ya ce a fara da 'yan ajin ƙarshe, su ne suka fi jin jiki, kuma kada a yanke musu ko da mako guda na karatu don a burge kalanda. Haka aka yi.

Yanzu aikin tattara sakamako yana hannuna. Kafin kowane zaman sashe nakan fitar da sunayen waɗanda ke da giɓi a makinsu, in liƙa a allon sanarwa, in sa wakilin aji ya nemo min su ɗaya bayan ɗaya, mu warware tun takardar ba ta bar teburina ba.