Legas zuwa Fatakwal: jirgin da sai ya biya ta Kaduna

Duk wanda ya ce maka ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Legas ya sauka a Fatakwal, to ka dubi furfurarsa, don ba zancen bana ba ne, ba kuma na bara ba. Manyan garuruwa biyu a bakin ruwa, kowanne da tashar jiragen ruwa, kowanne da tashar jirgin ƙasa tun zamanin Turawa, amma har yau babu layin dogon da ya haɗa su kai tsaye. Abin bai dame ni ba sai da aka kai ƙanwata aure Fatakwal, zuwa can ya zame mini dole, yau suna, gobe dubiya.

A Agege nake zaune, ba nisa da layin dogo. Jirgin Ibadan yana wuce mu, ga kuma jan layin gwamnatin jiha da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo. Ina jin ƙararsu daga ɗaki. Amma ranar da tafiyar Fatakwal ta kama, sai in juya musu baya in nufi Jibowu neman doguwar bas.

Tafiyar ta haura kilomita 600. A bi ta Shagamu, Ijebu Ode, Ore, Benin, a gangara Warri, a ƙetare gadar Patani, sannan Mbiama da Ahoada. A Ore ake tsayawa cin abinci, kuma nan ne ɗan'uwa Musulmi yake ta sauri: ga neman ruwan alwala, ga neman inda za a shimfiɗa darduma, ga direba yana danna ham tun kana raka'ar farko. Kafin nan mai tallan magani ya riga ya miƙe a tsakiyar mota, kwalba ɗaya tana maganin basir da ciwon baya da shawara. Shingayen duba ababen hawa kuwa, ƙirga su ɓata lokaci ne. Idan damina ce kuma wata tirela ta faɗi a gaba, sai dai a kira gida a ce kada a jira ka da tuwo. Jirgin sama yana yin tafiyar cikin kamar awa ɗaya, amma kuɗinsa ba na mai zuwa suna da buhun albasa ba ne.

Baffana, wanda ya tsufa a fataucin goro a Zangon Agege, shi ya fara warware mini yadda ake yi a da. Ya ce a tashar Iddo ta Legas ake hawa, jirgi ya ɗauki hanyar arewa: Abeokuta, Ibadan, Oshogbo, Offa, Ilorin, a haye Kwara a gadar Jebba, a wuce Minna har Kaduna. Nan ake sauka a canja jirgi, a sake juyowa kudu ta Kafanchan, Lafiya, a haye Binuwai a Makurɗi, sannan Inugu, Umuahia, Aba, kafin a ga Fatakwal. Kwana da kwanaki ke nan, a nisan da ya kusa ninka na mota sau uku. Kamar mutumin da zai shiga gidan maƙwabcinsa ne amma sai ya zagaya ta bayan gari.

Na ce, "Baffa, ai wannan wahala ce."

Ya yi dariya ya ce, "Yaro man kaza. Mu ai a lokacin daɗi muke ji. Duk mai zuwa gabas sai ya biya ta ƙofar gidanmu."

Ya ba ni labarin yadda suke loda huhunan goro a tarago, an naɗe su da ganye an ɗaure da igiya, kuma duk tashar da jirgi ya daɗe sai a sauko a yayyafa musu ruwa don kada zafi ya ƙona su. Kujerun katako, tagogi a buɗe, mata suna miƙo ayaba da dafaffen ƙwai ta taga, mutum ya sha shayi a Kaduna ya gaisa da 'yan garinsu kafin jirgin gabas ya tashi. Ni dai ina ganin tsufa ne ya goge masa ciwon bayan, ya bar masa daɗin.

Dalilin wannan zagaye ba ɓoyayye ba ne. Turawa ba don matafiya suka shimfiɗa dogo ba, don kaya ne. Layin Legas ya isa Ibadan a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, kuma abin da ake so shi ne gyada da auduga da fatu su gangaro bakin teku. Ita Fatakwal ma saboda kwal aka kafa ta: an gano shi a yankin Inugu a 1909, aka nemi wurin da jirgin ruwa zai iya tsayawa, layi ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Daga baya aka miƙa shi arewa don kuzar Jos, aka gama gadar Makurɗi a 1932, reshen Maiduguri kuma sai a 1964. Layi biyu ke nan, kowanne daga tudu zuwa ruwa. Haɗa tashar ruwa da tashar ruwa ba ya cikin lissafinsu, tunda jiragen ruwansu suna yin wannan aikin.

Adalci dai a faɗa, ƙasar wajen ma ba ta da sauƙi. Wanda ya bi hanyar Patani zuwa Mbiama ya ga yadda ruwa ya mamaye ko'ina, rafi bayan rafi, taɓo da daji. Kafa dogo a nan sai gadoji masu yawa da ciko mai tsada. Amma shekara sittin da ɗoriya bayan samun 'yanci, uzurin Turawa ya daina ci. An gina gadar Anacha a 1965, an ƙara ta biyu a 2023, dukansu na mota ne.

Alkawari kuwa mun sha shi. A 2014, zamanin Jonathan, aka sa hannu da kamfanin CCECC na ƙasar Sin kan layin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 1,400, a kan kusan dala biliyan 12, kuma zai bi ta Benin da Warri da Fatakwal. A 2016 aka sake sa hannu da ragin farashi. A 2021 majalisar zartarwa ta sake amincewa. Bayan haka sai maganar ta koma kan titin gaɓar teku mai kilomita 700 da aka fara a 2024, wanda aka ce za a bar wa jirgi fili a tsakiyarsa. Allah ya nuna mana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ɗanɗana, na san yadda abin zai kasance. Tun da aka buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan a 2021, in harka ta kai ni can ba na ko kallon mota. In taka da ƙafa zuwa tashar Agege, in zauna a kujera mai lamba, sanyi yana busa ni har sai na jawo hula na rufe kunne. Ba mai tsayar da ku ya ce a buɗe but. Ka wuce Abeokuta kana kallon gonakin rogo, cikin awa biyu da 'yan kai kana tashar Moniya ta Ibadan, rigarka ko yamutsewa ba ta yi ba. Matsalarsa ɗaya, Moniya tana wajen gari, sai ka sake neman mota.

Akwai kuma layin Warri zuwa Itakpe da aka buɗe a 2020, akwai na Fatakwal zuwa Aba da aka gyara ya dawo aiki a 2024. Guntu nan, guntu can, ba wanda ya taɓa wani. Na Aba ma tsohon siririn layi ne, na Ibadan da na Warri masu faɗi, don haka ko sun haɗu jirgin wannan ba zai hau na wancan ba.

Mijin ƙanwata yana sayar da kayan gwari, kuma shi lissafinsa ba na jin daɗin kujera ba ne. Ya ce tirelar tumatir in ta kwana biyu a hanya fiye da ƙa'ida, rabin kwandunan ruwa suke komawa, asarar kuma a kan farashi take ƙarewa. Shi tarago yake so, ko da ba sanyi, muddin zai zo a ranar da aka ce. Ya yi mini alkawarin in na je bikin yaye ɗansu za mu hau na Aba mu sayo takalma a kasuwar Ariaria. Tikitin bas ɗina na safe na yanka wannan karon, don Hajiyarmu ta hana ni tafiyar dare.