Wuƙa ɗaya, suka 12

Sai da na sake kallon Murder on the Orient Express na 1974, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni daga littafin Agatha Christie, sannan ƙarshensa ya zauna mini. A kallon farko hankalina na kan tambaya ɗaya: wa ya kashe Ratchett a jirgin ƙasan da ya taso daga Istanbul, ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya? Da zan maimaita, sai na ajiye wannan tambaya, na ɗauki biro ina rubuta wanda ya tsaya wa wani shaida.

Nan abin ya fito fili. Kowane fasinja yana da mai wanke shi, kuma mai wankewar wani ne da ake ganin babu abin da ya haɗa su, ko ƙasa ko matsayi. Shaidar da ta yi kyau haka, shiryayya ce. Ga kuma gawar: suka 12, wasu sun nitse, wasu ko fata da ƙyar suka keta. Hannu ɗaya ba ya haka. A kotun Ingila da Amurka mutum 12 ne ke zama su ce mai laifi ne ko a'a, to su ma sau 12 suka soke shi, suna miƙa wa juna wuƙar.

Dalilinsu kuwa tun a mintunan farko aka nuna shi, cikin kanun jaridu na 1930. Ratchett shi ne Cassetti, wanda ya sa aka sace yarinya Daisy Armstrong aka kashe. Uwarta ta rasu wajen haihuwa, jaririn bai zo da rai ba, uban ya kashe kansa, haka ma 'yar aikin da aka ɗora wa zargi. Kowa a taragon nan akwai wanda ya binne a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda Poirot, mai binciken kisan, wanda Albert Finney ya fito a matsayinsa, ya ajiye bayani biyu. Na farko, wani baƙo ya shigo da kayan ma'aikacin jirgi, ya yi kisa, ya sulale. Na biyu shi ne gaskiya. Sai ya bar wa abokinsa Bianchi, babba a kamfanin jirgin, zaɓi, shi kuwa ya ɗauki na farko. Mutumin da sana'arsa tono gaskiya ya amince a kai wa 'yan sanda ƙarya.

Ina jin zafin mutanen nan har raina, don tun farko mugun ya tsere wa shari'a. Amma wajen da suke haɗa kofuna suna murmushi bayan an rufa musu asiri bai kwanta mini ba. Sun kashe mutum yana kwance, an sa masa maganin barci, bai ji tuhuma ba balle ya kare kansa, kuma fim ɗin ya bi su da kiɗan biki.