Kafin in karɓi kuɗin OLED a hannun mutum

Shagona ƙarami ne, a Kano yake, kuma aikinmu bai da yawa: mu kawo wa mutum talabijin, mu kafa masa a bango, mu saita masa hoto. Ni ne da yarana biyu, sai wani mai aikin wuta da nake kira idan ana buƙatar jan sabon layi. Yawancin cinikinmu na LED ne, irin wanda ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki ko magidanci ya canza na falonsa. Talabijin irin OLED kuwa ba na ajiye shi a shago, kuɗinsa ya fi ƙarfin a jingine shi yana shan ƙura, sai an ba ni oda nake ɗauko shi. Duk da haka shi ya fi cin lokacina, shi ya fi haɗa ni musu da masu hannu da shuni.

Abin da ya raba shi da sauran a bayan gilashin yake. Talabijin ɗin LED, har da wanda ake kira QLED, yana da fitilu a baya da ke haska hoton, shi ya sa baƙinsa ba ya zama baƙi ƙirin, kullum akwai ɗan toka-toka a ciki. A OLED babu wannan fitilar. Kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, kuma a fuskar 4K akwai ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 ke nan. Inda hoto ya ce duhu, ɗigon wurin mutuwa yake yi gaba ɗaya. Sony ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a 2007, ɗan ƙarami mai inci 11. LG ya kawo mai inci 55 a 2013, kuma shekara da shekaru masana'antarsa ce ke yi wa sauran kamfanoni fanel, har da Sony da Panasonic da Philips. Samsung ya shigo da nasa salon, QD-OLED, a 2022. Ina faɗa wa mai saye wannan ne don ya san cewa sau da yawa sunaye biyu da yake auna wa a ransa gilashinsu ɗaya ne, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoton ce ta bambanta.

Idan mutum ya kira ni ya ce yana son wanda ya fi kowane tsada, ba na fara maganar farashi. Cewa nake, ranka ya daɗe, zan zo in ga falon tukuna. Falo mai manyan tagogi da labule shara-shara, wanda rana ke shiga tun daga hantsi har la'asar, ba wurin OLED ba ne. Sababbin sun ƙara haske sosai, gaskiya ne, amma baƙin nan da aka biya miliyoyi dominsa ba ya fitowa idan ɗakin ya cika da haske, kuma mai kyau daga cikin Mini LED, wato LED mai ƙananan fitilu masu yawa a baya, zai fi shi nuna kansa da rana. Sai in duba nisan kujera. Inci 65 yana son mai kallo ya zauna kamar mita biyu da rabi daga bango. A manyan falukanmu da ake jera kujeru jikin bango, mutum yana mita biyar, idonsa ba zai raba 4K da HD ba ko da zai rantse ya gani.

Tambaya ta biyu ita ce me ake kallo a gidan. Wannan takan ɓata wa wasu rai, suna ganin shisshigi ne. To amma gidan da ake kunna tasha ɗaya tun bayan sallar asuba har a kwanta, tambarinta na zaune a kusurwa, rubutun labarai na gudu a ƙasa, gidan yana neman tabo ne. Ɗigon OLED yana tsufa daidai da aikin da ya yi. Wanda ya shafe dubban sa'o'i yana nuna jan tambari zai riga maƙwabtansa gajiya, daga baya sai ka ga inuwar tambarin a kan kowane hoto, kuma ba ta goguwa. Kamfanonin sun sa dabarun rage wannan, suna ɗan motsa hoton ba tare da ido ya lura ba, suna rage hasken tambari, kuma mai kallon abubuwa iri-iri da wuya ya gamu da matsalar. Amma mai gidan kallon ƙwallo, ko mai otal da zai rataya a wurin karɓar baƙi, ko ofis, ba na sayar musu. Na fi so in rasa ribar da in riƙa ɓuya wa wayar mutum bayan shekara biyu.

Akwai kuma maganar inda hoton ke fitowa. Yawancin tashoshin da ke kan dikoda iyakarsu HD, da yawa ma ba su kai ba, kuma babban gilashi ba ya rufa wa mummunan hoto asiri, faɗaɗa shi yake yi. 4K na gaske yana zuwa ne ta intanet ko ta na'urar wasa irin PS5. Netflix kaɗai yana iya shan har gigabait 7 a sa'a ɗaya idan ana kallon 4K. Wanda bai shirya wa wannan datar ba, rabin talabijin ya saya.

Wuta ce babbar magana, kuma a nan ne abin da ake karantawa daga Turai da Amurka ba ya isar mu. OLED yana da wani aiki da yake yi bayan an kashe shi da rimot. A na LG, idan an tara kamar sa'o'i huɗu ana kallo, da an kashe sai ya ɗauki 'yan mintoci yana auna ɗigoginsa yana daidaita su, fuska a kashe, ba wanda ya san yana yi. Aikin nan sai da wuta a jikinsa. Mu kuwa tarbiyyar da muka tashi da ita ita ce a kashe soket a zare filogi, don tsoron a kawo wuta da ƙarfi ta ƙona kaya. Ga kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar kallo, ga sauyawa daga janareto zuwa layi. Talabijin ɗin da kullum haka yake mutuwa ba ya samun damar gyara kansa, sai ka fara ganin zane-zane a tsaye idan hoto ya yi duhu. Saboda haka sharaɗina ne: ya hau kan inbata mai tsaftatacciyar wuta, ko aƙalla UPS da zai riƙe shi minti goma sha biyar, kuma a gaya wa kowa a gidan, har mai aiki, cewa da rimot ake kashewa, ba a taɓa soket. Nakan liƙe makunnin da tef, domin magana ba ta zama.

Sitabilaiza mutane suka fi sani, ita suke fara tambaya. Tana da amfaninta, sai dai yawancin talabijin ɗin da ake kawowa kasuwarmu an yi su ne su karɓi wuta daga volt 100 zuwa 240. Abin da ya fi kashe su shi ne bugun da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita, da kuma tsawa a damina, wadda ke biyo wayar dish ta shiga dikoda ta bi kebul ɗin HDMI ta ƙona allon ciki. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa ta kirki, sai a sa na'urar kariya mai tsada alhali ba ta da inda za ta zubar da bugun. Shi ya sa mai wutata yake rigan kwalin shiga gida. Zafi ma abin lura ne. Takardar LG ta ce iyakar zafin wurin aiki digiri 40, Kano kuwa a watan Afrilu takan wuce haka, don haka ba na manna shi a bangon yamma da rana ke dafawa, ba na cusa shi cikin katakon ado da ba iska.

Daga Legas ake ɗauko yawancinsu, kuma a tsaye kwalin zai yi tafiyar, ba a kwance ba, ba a ɗora masa komai ba. Saman gilashin bai fi kaurin wayar hannu ba, wani ma bai kai ba, yatsa ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa. A gaban mai shi nake buɗewa. Kafin a huda bango nakan sa filash mai hotunan gwaji: ja zalla, kore zalla, shuɗi, fari, sai toka mai duhu sosai wadda ke tona zane da mataccen ɗigo. Masu kawo na hannu daga waje, wannan jan shafin shi ne abokin gabarsu, nan take tsohon tambari ke bayyana. Wanda aka yi don kasuwar Amurka kuma a duba bayansa da kyau, da yawa volt 120 aka rubuta, kuma tsarin kama tashoshinsu ba irin namu ba ne. Garanti ma ba ya biyo shi ya tsallako teku.

Saitin hoto shi ne ɓangaren da na fi so, ko da yake rabinsa kashe abubuwa ne. Talabijin yana fitowa daga kwali da shirin jan ido a kanti: haske ƙarshe, launi ya yi kauri, fari ya koma shuɗi-shuɗi. Farkon abin da nake yi shi ne fitar da shi daga yanayin kanti, in bar Vivid in koma Filmmaker Mode, tsarin da aka sanar a 2019 don a nuna fim yadda masu shi suka gama shi. Sai in tabbatar an kashe abin da ke ƙara wa motsi santsi. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, talabijin kuma sai ya ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani, fim ɗin da aka kashe wa dukiya ya koma kamar bidiyon biki. A ƙwallo nakan bar kaɗan daga ciki, can yana taimakawa. Ƙarin kaifi da rage haske don tsimin wuta duk nakan sauke su.

A nan ake yin musun. Wani Alhaji, ina gamawa, ya dubi bango ya dube ni ya ce, "Malam, ai ka kashe mini hoton, ya yi ja." Ban yi gardama ba. Na tsayar da hoto a kan wani mutum mai farar riga, na roƙi ya sa yaro ya ɗauko farar shaddarsa, muka riƙe ta a gefen gilashin, na riƙa sauyawa tsakanin saitin kanti da nawa. A na kanti rigar ta yi kamar an cika mata bula, fuskar mutumin ta yi toka, leɓensa ya koma shunayya. A nawa rigar ta matso kusa da shaddar da ke hannunmu, fatar ta dawo fatar mutum. Farin da masu fim ke aiki da shi don hoton talabijin ana kiransa D65, zafin launinsa kusan 6500 a ma'aunin Kelvin, idon da ya saba da shuɗi kuwa sai ya ga kamar rawaya ne. Na ce ya ba shi mako guda kada ya taɓa. Baƙar fata ce ta fi shan wahala a mummunan saiti, domin duk bayanin fuskar a cikin inuwa yake, ana matse duhu kaɗan sai kumatu da gemu su haɗe.

Awo da na'ura mataki ne na gaba. Akwai ɗan abin auna launi da ake rataya wa a tsakiyar gilashi, a haɗa shi da kwamfuta mai manhajar Calman, a rufe labule, a bar talabijin ya yi rabin sa'a a kunne. Manhajar na aika toka mataki-mataki daga duhu zuwa fari, tana auna ja da kore da shuɗin da ke cikin kowace. Kuskuren da bai kai 3 ba a ma'aunin Delta E ido ba ya cika kama shi. Na LG daga 2018 suna bari manhajar ta rubuta gyaran kai tsaye a cikinsu. Ba na yin wannan ranar da aka kafa, sai gilashin ya yi kamar sa'o'i 100 yana aiki ya zauna. Kuma a ganina mutum tara cikin goma ba sa buƙatarsa, Filmmaker Mode ya kai su kusa ƙwarai. Masu buƙatarsa da gaske su ne masu tace finafinai irin na wajen Zoo Road, waɗanda idan allonsu ya yi ƙarya duk wanda ya kalli aikinsu zai ga ƙaryar, sai kuma mai ɗakin kallo na musamman. Su nakan yi musu saiti biyu, na dare mai haske kusan nit 100 (nit ma'aunin hasken fuska ne) da na rana mai ƙarfi.

Lokacin saye yana da kalanda biyu, kuma ba sa tafiya tare. Ta masu ƙerawa a bayyane take: a watan Janairu ake baje sababbi a taron CES na Las Vegas, su fara isa kantuna daga wajen Maris da tsadarsu, farashi ya riƙa sauka har ragin ƙarshen Nuwamba, sannan a karya na bara idan sabo ya iso. Lambar da ke jikin kwali tana faɗar shekara: a LG, C3 na 2023 ne, C4 na 2024, C5 na 2025. Tazarar da ke tsakanin shekara da mai bi mata yawanci ɗan ƙarin haske ne da sabuwar ƙwaƙwalwa, abin da ba za ka gani ba sai an jera su. Don haka na bara nake ba mutane shawara, in dai sabo ne a kwalinsa da takardar garanti ta dillalin da kamfani ya sani.

Kalandarmu kuwa dala ce. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Wanda ya zauna jiran ragin Nuwamba a wannan tsakanin ya ga ragin, amma a kan farashin da ya riga ya ninka. Idan canji ya kwanta, jira yana da riba. Idan yana rawa, ranar da kuɗinka ya cika kuma dillali na da tsohon kaya a sito ita ce ranarka. Ina kauce wa makonnin kafin sallah, da Disamba, da jajibirin gasar cin kofin duniya, lokacin kowa na nema, motocin kaya a cike, masu lodi na gaggawa. Farashin da na faɗa wa mutum kwana biyu yake yi, bayan haka sai na sake kiran Legas. Kuma a lissafin da nake miƙa masa, kuɗin inbata da wayar ƙasa da ƙarfen bango suna sama, talabijin yana ƙasa. Idan jimlar ta yi masa nauyi, inci nake ragewa, daga 77 zuwa 65 ko daga 65 zuwa 55, layin wuta ba na taɓa shi.