Wayar tana Legas, ɗalibata tana Kano

Har yau saƙon yana cikin wayata. Sau biyu na canza waya tun daga lokacin, amma duk sanda na kwashe kayana zuwa sabuwa sai na tabbatar ya biyo ni. Gajere ne, da daddare na rubuta shi a cikin azumin 2020, na tura a zauren WhatsApp na 'yan aji shida inda iyaye da ɗalibai duk suke gani. Na kama sunan yarinyar na ce: "Muna ganin waɗanda suke buɗe darasi amma sun ƙi yin aiki. Ke nake nufi. Ban zaci haka daga gare ki ba."

Lissafi nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano. Da aka sanar cewa daga 23 ga Maris za a rufe makarantun Arewa maso Yamma saboda korona, kwana talatin aka ce, mu kuma muka ɗauke shi hutu. Yara da yawa a loka suka bar littafin fo-figa na lissafi da akwatin kayan zane, wasu har da littafin tsofaffin tambayoyin WAEC. Ba wanda ya ce musu su kwashe, ni ma ban ce ba. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mutum na farko da cutar a Kano, ba a yi mako ba aka kulle gari, sannan ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya sanya wa jihar kullen makonni biyu. Sai a lokacin muka yarda cewa abin ba na wasa ba ne, ga kuma 'yan aji shida da jarrabawa a gabansu, ba wanda ya san ranarta.

Mun gwada Zoom sau uku. Yara tara ne suka shigo a karon farko, murya na yankewa, kafin in gama misali biyu minti arba'in ɗin kyauta ya ƙare. Muka bar shi muka koma WhatsApp. Ofishin makaranta ya ba ni lambobin da ke cikin fayil ɗin kowane ɗalibi, na buɗe zaure. Ɗalibai arba'in da ɗaya nake da su, lambobi talatin da takwas suka shiga. Na jingina farin allo a bangon tsakar gida, ƙanena yana riƙe da waya, ina warware logaridim da aljabara, bidiyo ɗaya minti goma sha biyar ko ashirin. Daga aljihuna nake sayen data, alhali albashi ya tsaya cak, tunda iyaye ba su biya kuɗin zango na uku ba.

Kullum bayan na tura darasi sai in danna in duba su wa suka buɗe. In ƙirga: talatin da ɗaya, talatin da huɗu. Har littafi na ware ina rubuta adadin, ina turawa shugaban makaranta duk ƙarshen mako, yana sa min albarka. Na yi alfahari da wannan ƙirgen, ba zan ɓoye ba. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne: a hannun wa wayar take? Lambobin fayil ai na iyaye maza ne, waɗanda ake kira idan ana bin bashin kuɗin makaranta. Na san haka sarai, ni da kaina na sha kiran su. Amma shuɗin layukan nan biyu sun rufe min ido, na yi makonni ina ɗauka yara nake koyarwa.

Yarinyar da na ambata ita ce ta ɗaya a lissafi tun tana aji huɗu. Irin ɗalibar da kafin ka gama rubuta tambaya a allo ta fara motsa baki. Lambarta kuwa ba ta taɓa fashi ba, duk abin da na tura cikin awa guda an buɗe. Amma aiki ko ɗaya ba ta turo ba. Na yi mata uzuri mako ɗaya, na yi na biyu. Daga nan zuciya ta fara raya min cewa girman kai ne, ta ga ta iya. A daren da na rubuta saƙon na gaji, wuni na yi da azumi ina ɗaukar bidiyo a rana, aka ɗauke wuta kafin ya gama tafiya. Ba hujja ba ce. Lambar tana hannuna, kira ɗaya ya isa.

Bayan kwana biyu mahaifinta ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, don Allah ki yi haƙuri, laifina ne. Ni nake buɗe saƙonnin. Ina Legas, a Agege, tun kafin a rufe hanya. Ni ban yi boko ba, in na ga abin makaranta sai in buɗe in gani ko kuɗi ake nema." Wani yaron shago ne ya karanta masa abin da na rubuta. Nan take ya kira ƙaramar wayar mahaifiyarta, ya yi wa yarinyar faɗa tatas, cewa yana can yana wahala ita kuma tana zubar masa da mutunci a gaban iyayen yara. Sai da ta gama kuka ta ce masa ita ba ta taɓa ganin darasi ko ɗaya ba. Sannan ya gane. Kuma shi ne yake ba ni haƙuri.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Alhaji, ni ce zan ba ku haƙuri, kai da ita." Na koma zauren na rubuta cewa na yi kuskure, na wanke ta a inda na ɓata ta. Amma abin da mutum talatin da wani abu suka karanta sun riga sun karanta.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun watan Maris. Na sayi kati na bi gidaje arba'in da ɗayan nan da kira, ɗaya bayan ɗaya, kwana uku ina yi. Tambaya ɗaya nake yi: wa ke riƙe da wayar, kuma ƙarfe nawa take dawowa gida? Goma sha uku ne kawai suke samun wayar a hannunsu kullum, kuma goma daga cikinsu maza ne. Wasu sai dare idan uba ya dawo, caji ya kusa ƙarewa, a ba su minti kaɗan. Wasu iyayen suka ce bidiyona ɗaya yana cinye datar da za su yi kwanaki da ita, don haka buɗewa suke yi su bar shi ba su sauke ba. Wata uwa ta ce min kai tsaye ba za ta bar budurwa da babbar waya ita kaɗai a ɗaki ba, ɗanta namiji kuwa yana da tasa. Wani yaro kakansa ya rasu a makonnin nan da mace-macen dattawa suka yi yawa a Kano, ni ko labari ban ji ba, ina ta rubuta masa "ba aiki" a littafina. Su ma masu turo aikin, na gano wasu yayyensu 'yan jami'a ne ke yi musu, tunda suna zaune a gida ga korona ga yajin aikin ASUU.

Daga ranar na daina bidiyo mai tsawo. Sai in warware tambaya da baƙin biro a farar takarda, in ɗauki hoto, in bi shi da saƙon murya na minti biyu ko uku, da Hausa nake bayani, in ajiye kalmomin jarrabawa da Turanci yadda za su gan su. Waɗanda ba su da babbar waya kuma, aka buga musu takardu. A ranakun da ake sassauta kulle, Litinin da Alhamis da farko, ƙanena ya ɗauki babur ya ajiye kwafi a wani kemis da wani shagon fotokwafi, yara ko ƙannensu su karɓa, su bar aikin makon jiya. Tsofaffin bidiyoyin ma ba su tafi a banza ba. Wani mai cajin waya, irin masu tura wa mutane finafinai, ya zuba mana su a memori, ƙaramar waya ma tana iya buɗewa. Wannan dabarar wani ɗalibina ne ya kawo ta, ni ba ta taɓa zuwa kaina ba.

Rediyo kuwa na raina shi da farko, kuma na yi kuskure. Gwamnatin jiha ta sa ana darussa a rediyo da talabijin, na ce ta yaya za a koyar da lissafi ba allo? Ashe yarinyar nan da shi ta rayu duk makonnin da na manta da ita. Rediyon mahaifiyarta mai batir, da tsohon littafinta na aji biyar. Daga baya ni ma na riƙa saurare, in ji abin da aka yi, in daidaita takardata da shi. Rediyo ba ya neman data, ba ya jiran uba ya dawo daga kasuwa, kuma ba uwar da ke tsoron barin 'yarta da shi.

Idan yau wani shugaban makaranta ya ce min za a sake rufewa, ba zan fara da maganar manhaja ba. Kafin yara su fita daga ƙofa sai kowa ya kwashe littattafansa, sai kuma na rubuta lambar uwa kusa da ta uba, da irin wayar da ke kwana a gidan. Kuma duk yaron da ya yi shiru mako guda, kira za a yi, ba a yi masa hukunci daga nesa ba. Abin yana ci min rai idan na ji ana taro ana cewa makarantarmu ta "koma intanet" a lokacin korona. Yara goma sha uku ne suka koma. Sauran takarda da rediyo da babur ɗin ƙanena ne suka riƙe su, su ma sai bayan na yi asarar makonni bakwai.

Gwamnatin tarayya ta ce 'yan ajin ƙarshe su koma daga 4 ga Agusta, WAEC kuma ta fara ranar 17, kuma lissafi ne a ranar farko. Kwanakin da muka samu a aji ba su cika makonni biyu ba, kowa da takunkumi, ga bokitin wanke hannu a bakin ƙofa, an raba kujeru nesa-nesa. Ranar da suka dawo na kira ta gefe na sake ba ta haƙuri baki da baki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malama." Amma wadda a da take zama a layin gaba, a layi na huɗu ta zauna har muka gama, kuma ba ta ƙara ɗaga hannu ba sai in na kira sunanta. Tirigonometiri da lissafin yiwuwa, waɗanda na koyar a bidiyon da ba ta gani ba, su muka yi ta gudu a kansu ni da ita bayan an tashi.

A watan Nuwamba sakamako ya fito. Da kanta ta kawo min takardar har makaranta, ta miƙo da hannu biyu tana murmushi ta ce, "Malama, na ci lissafi." C5 ta samu, kiredit na tsaka-tsaki. Na rungume ta na yi mata barka, na sa mata albarka. Bayan ta fita na buɗe durowa na ɗauko takardar gwajin da muka yi musu a watan Fabrairu, kafin a rufe makaranta. Ta ci casa'in da ɗaya bisa ɗari.