Kar ku daina zuwa kilinik bayan aikin kansar hanji

Ƙannena, wannan maganar taku ce ku da aka yi wa aikin kansar babban hanji ko kuke jinyar wani a gida. Ni bayan an yi min tiyata na gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, jikina ya dawo, ina cin abinci ina fita kasuwa, sai na fara tsallake ranar ganin likita. Ina cewa kuɗin mota ne da kuɗin hoto, kuma eh akwai wannan, amma gaskiyar magana tsoro ne, duk ranar da za a ɗebi jinina bana iya bacci, sai na ga gara kawai in zauna tunda ba inda ke min ciwo.

To ai nan matsalar take, wannan cutar in za ta dawo ba ta fara da ciwo. Yawanci cikin shekara 2 zuwa 3 na farko take dawowa, kuma hanta da huhu ta fi zuwa, a nan za ta iya daɗewa mutum yana jin garau. Shi yasa ake gwajin jini na CEA, mai iya nuna alamar dawowarta, duk wata 3 zuwa 6 a farko, da hoton CT na ƙirji da ciki, da kuma leƙa hanji da kyamara bayan shekara 1 da aikin, a ci gaba da bibiya har shekara 5. In aka ganta a hanta tana ƙarama sau da yawa ana iya yanke wajen, in aka bari ta bazu kuma sai dai a yi ta lallaɓawa. Ni Allah ya rufa asiri da na koma ba a ga komai ba, amma wallahi ba dabarata bace.

Abu na biyu da ya fi cutar da ni kunya. Likita ya ce yaya jiki in ce alhamdulillah, alhali ina zarya banɗaki ba adadi, na daina zuwa ɗaurin aure, sahun ƙarshe nake tsayawa a masallaci saboda tsoron abin da zai iya kufce min, ga yatsuna sun yi dindiris saboda maganin kemo na oxaliplatin, ko ruwan sanyi bana iya taɓawa. Ashe likitoci duk sun san da waɗannan, akwai maganin rage gudawar, akwai gyaran abinci, akwai atisayen matse dubura da ake koya wa mutum. Har maganar iyali, in abin ya taɓa ka ta nan ka faɗa, jijiyoyin wajen ne aikin kan shafa, ba sammu aka yi maka ba. Waɗanda aka maƙala wa jakar bayan gida a kan ciki kuma ku tambayi malami hukuncin mai lalura, kar ku bar jam'i don ita.

In kuɗi ne babu, ku faɗa wa likitan ƙarara ya zaɓar muku gwajin da ya fi zama dole, ya fi a ɓace gaba ɗaya. Kuma ku gaya wa 'yan uwanku na jini, ana so su fara gwaji a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano taku, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya ga jini a bayan gida kar ya tsaya kan maganin basir, ya je a duba shi.