Tulin ciyawar da na ce a bari jikin shinge

Shekara uku muna faɗa da awaki, ashe ba su ne za su yi mana ɓarnar ba.

Filin da muka dasa itatuwan tare iska na gari ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, inda iskar hunturu ke kwaso rairayi ta zuba mana a gonaki. Darbejiya muka jera a layukan waje, dakwara a ciki, da fatan wata rana a ɗebi ƙaro. Turare mun gwada, gara ta cinye saiwarsa tun yana ƙarami, muka haƙura. Ni aka ɗora wa kula da wurin, don na fi kowa baki ranar taron.

Shingen ƙaya muka kewaye shi da shi, magarya da sarƙaƙiya, kuma ya yi aiki. Da dabba ta daina shiga, ciyawa ta samu sake, kyasuwa da ƙarangiya har ƙugu. Da kaka malamin daji ya zo ya ce a share hanyar tare wuta a kewaye, wato a kankare ciyawa don gobara ta rasa abin ci, faɗin taku 15 ko fiye, a fi ba da ƙarfi ta arewa maso gabas inda iska ke fitowa.

Mun share fa. Abin da ke ci mini rai ke nan. Kwana huɗu muna kai da fartanya da manjagara. Amma ciyawar da muka kankare, ni da bakina na ce a tara ta jikin shinge, wai ta toshe kafofin da 'yan awaki ke kurɗawa. Kawu ya tsaya ya dubi tulin ya ce, "Kai yaro, wannan ba za a kwashe a kai wa dabbobi ba?" Na ce, "Kawu, a bari a gama sussuka tukuna."

Cikin Disamba yara masu haƙon gafiya suka hura wa rami hayaƙi a wata saura kusa da mu. Wutar ta zo bakin hanyar da muka share ta tsaya cak, kamar yadda malamin ya faɗa. Tartsatsi kawai iska ta ɗauko ta jefa kan tulin nan nawa. Busasshiyar ciyawa a jingine da busasshiyar ƙaya, me ya rage? Muka fito da ɗanyen ganye da shebur muna bugu muna watsa ƙasa, amma shingen ya riga ya kama ta ko'ina, shi ya ma hana mu shiga.

Washegari na so a tumɓuke komai a sake dashe. Wani dattijo da ya daɗe a Maraɗi ya hana. Ya ce a can kututture ba a raina shi: a sare wanda ya ƙone ƙasa-ƙasa, saiwa na nan da ranta, in ya yi toho a bar biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran. Da damina fiye da rabi suka dawo. Tsayin shekara uku dai ya tafi.

Yanzu aguwa muke dasawa a madadin ƙaya, ɗanya ce kuma akuya ba ta cin ta. Ciyawar ciki tun Oktoba ake yanke ta, ranar da aka yanka ranar take barin filin, ko da kyauta ne.

Kawu har yau bai ce mini "ai na gaya maka" ba. In mun biyo ta wurin sai ya rage tafiya daidai inda tulin yake, ya yi gyaran murya, ya wuce.